Abin da bikin mujiya ya koya mini kafin in ajiye aiki

Tunda labari ya riga ya zagaya cewa na ajiye aiki, gara a ji nawa daga bakina. Waɗanda muka yi zama tare a sashen wayar da kan ɗiyan lakwal sun san yadda biro ɗinmu yake, ba sai na tsaya bayanin wa ke sa hannu a kan me ba. Don masu zuwa bayana nake rubuta wannan, musamman wadda za a ba kujerata, da na ji an ce bara ta gama jami'a.

Shawarar bikin mujiya daga bakina ta fito, kuma har gobe ba na da-na-saninta. Duk ƙauyen da ka shiga a bakin Gulbin Maradi, daga Tibiri har Madarunfa, in an gama girbi kukan manoma ɗaya ne: kusu. Ya fasa rumbu, ya tone gyaɗa da aya tun suna ƙasa, ya huda buhun wake. Maganin da kowa ya sani shi ne gubar nan da ake ƙullawa a leda a kasuwa, wadda ba ta bambance kusu da kaza, ko da ɗan da ke rarrafe. Ita kuwa mujiya, tsuntsuwar da kusu ne abincinta, da ta sauka bisa soro ta yi kuka sai a fito da danƙo, a ce mayya ce, ko a ce wani zai mutu a gidan. Alhali farar mujiya, uwa da uba da ƴaƴansu, suna cinye dubban kusa a shekara. A Malesiya akwatuna ake kafa musu cikin gonakin kwakwar manja. Manoman kwarin Urdun ma sun fara haka tun shekarun 1980, har da yawansu suka rage zuba guba.

Biki ma ba ni na ƙago shi ba. A wani ɗan gari mai suna Houston a jihar Minnesota ta Amurka, tun 2003 suke yin nasu duk watan Maris. Nepal ta fara a 2012, Indiya ta bi baya a 2018 kusa da birnin Pune, kuma can camfin da ake yi wa mujiya bai gaza namu ba. Na ce in su sun iya tara iyaye da yara a kan wannan tsuntsuwa, mu da kusu ke cinye mana hatsi mun fi su dalili.

Tsarin da na rubuta mai sauƙi ne. Lokacin sanyi, bayan la'asar, a filin lakwal, kowane yaro ya zo da uwarsa ko ubansa ko kakarsa. Babu tsuntsuwa mai rai ko ɗaya. Mujiya haɗiye kusu take yi ɗungum, abin da cikinta bai narkar ba, gashi da ƙashi, sai ta dunƙule shi ta amayo. In ka je ƙarƙashin inda take kwana za ka tarar da curin nan birjik. Su muka riƙa tsintowa a wani tsohon siton gyaɗa da aka daina amfani da shi, mu gasa su da zafi don kashe ƙwayar cuta, mu ba yara tsinke su tona. Bayan nan liman ya yi ƴar nasiha. Da an sallame magariba kuma a tafi bakin siton a zauna shiru, a ga fitarta.

Mun gwada da aji guda a wani ƙauye kusa da Jiratawa, kuma ranar ce na fi jin daɗin aikin nan tun da na kama shi. Yaran da suka fara da toshe hanci, da kan kusu na farko ya fito da haƙoransa biyu ja-ja, sai rububi. Wani dattijo da ya rako jikansa ya jera kawunan a tafin hannunsa, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ɗiyata, duk wannan cikin tsuntsuwa guda ya hito?" Na ce, "Baba, wannan na kwana ɗaya ne ko biyu." Bai ƙara cewa komai ba. Wata uwa ta ce ita dai tsuntsuwar da ke juya kai ta dubi bayanta ba ta yarda da ita ba. Na gaya mata idon mujiya ba ya motsi cikin gurbinsa, shi ya sa Allah ya ba ta ƙashin wuya 14, mu namu 7, don ta juya kai maimakon ido. Liman kuma ya kawo hadisin nan da ke cikin Bukhari da Muslim, inda Annabi (SAW) ya kore camfi da tsuntsu, ya ambaci "hama", wadda malamai da dama suka fassara da mujiya. Minti biyar ya yi, ya gama aikin da takardun mannawarmu suka kasa.

Sai aka kawo tsarin gaban shef.

Ya karanta shafin farko ya ture. Ya ce, "Malama, wa zai taso tun daga Yamai ya zo kallon amai?" Aka yi dariya, har da waɗanda suka tsinci curin tare da ni. Masu ba da kuɗin porje za su zo a watan Afrilu, saboda haka biki ya koma Afrilu. Baƙi ba za su kai dare ba, saboda haka ya koma ƙarfe 11 na safe. Kuma dole a ga mujiya ido da ido, don hoto. Na ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsuwar dare ce, kuma Afrilu a Maradi zafi ya wuce digiri 40. Waɗanda kake gani a hotunan Amurka da yawansu masu rauni ne da ba za su iya komawa daji ba, an saba da su da mutane, masu riƙe su kuma da takardar izini. Ita kanta mujiyar da aka fara bikin Houston dominta faɗowa ta yi daga sheƙa tana ƙarama, fiffikenta ya lalace. Mu ba mu da irinsu." Ya ce ya fi ni sanin abin da ke kawo kuɗi, in ba zan iya ba akwai masu iyawa. Duk wannan da baki aka yi shi, a biro ɗinsa, ƙofa rufe. Da baki kuma ya aiki direba ya samo mujiya biyu, jaka biyar-biyar.

Waɗanda suka halarta sun san abin da ya faru. Manya a inuwar rumfa, yara a jere cikin rana da ƴan tutocin takarda, jawabi na bin jawabi. An ɗaure tsuntsayen da igiya a ƙafa bisa wani katako a tsakiyar fili. Suka buɗe baki suna haki, ƙananan tsuntsaye suka taru bisansu suna kai musu sara, kamar yadda suke yi duk inda suka ga mujiya da rana. Iyaye matan da na bi gida-gida na lallasa suka fara janye ƴaƴansu, wata mai ciki ta rufe fuska da mayafi ta fice. Teburin tonon curi an mayar da shi can bayan aji, wai kada baƙi su ga ƙazanta. Liman bai samu magana ba, lokaci ya ƙure. Kafin azahar mujiya ɗaya ta rataya a jikin igiyarta, ta mutu a gaban yaran da aka tara don a koya musu tausayinta. Na ji da kunnena wata tsohuwa tana cewa ai ga shi nan, dama ba a taruwa a kan mujiya a watse lafiya.

Wani ma'aikacin gandun daji da ke cikin baƙi ya zo ya kwance ɗayar, ya tambaya wa ya ba da izinin kamu. Hakkinsa ne ya tambaya, akwai dokar farauta da kare namun daji ta 1998, kuma mujiya duk irinta tana cikin jerin CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji. Shef ya nuna ni da baki, ya ce, "Ga mai bikin nan."

Wannan ma da sauƙi a kan abin da ya biyo baya. Labari ya bazu cewa porje na sayen mujiya jaka biyar. Yaron da ke wuni yana tallan ruwa bai ga jaka guda ba, me kake tsammani zai yi? Aka shiga haurawa tsofaffin gine-gine da kogon itace, don da rana barci take, kama ta ba wuya. Sai ka fito da safe ka tarar da yara a ƙofar biro da buhu yana motsi, wani da babba, wani da ƴaƴa masu farin gashi da ba su isa tashi ba. Mai gadi ya kore su, su jefar da buhun a kwata, tunda ba wanda zai koma gida da mujiya. Biyun nan na tsohon sito, waɗanda da curinsu muka koyar da aji guda, ba a sake ganinsu ba. A da sai ta yi kuka bisa gidan mutum ake jifanta, mu muka sa aka bi ta har makwancinta. Na shiga rediyo na ce ba ma saye, amma farashin da aka riga aka ji ba ya goguwa da sanarwa.

Rapor ya tafi da hotuna masu kyau, an ɗauke su da wuri tun tsuntsayen na tsaye, sunan shef a sama. Ni kuma aka miƙo mini takardar neman bayani a kan "rashin kula da lafiyar tsuntsaye". Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Na amsa, na faɗi yadda aka yi, aka ce ina shaidata? Tsarin da na rubuta tun farko, mai cewa babu tsuntsuwa mai rai, ba a sa masa hannu ba, ba a buga masa hatimin karɓa ba, don haka a wurinsu kamar ba a taɓa rubuta shi ba.

To ƙanwata mai zuwa, darasi na farko ke nan, kuma shi ne babba. Duk umarnin da aka ba ki da baki, kafin ki kai kujerarki ki mayar da shi rubutu. Ba faɗa, ba ɗaga murya. "Ranka ya daɗe, kamar yadda ka umarta ɗazu, za a yi kaza ranar kaza, ni kuma ga damuwata." Ki tura ta WhatsApp, ki ajiye hotonta. Duk takardar da kika kai sama ki yi kwafi biyu, sakatariya ta buga hatimi a naki. Za a ce kin cika ƙa'ida, za a ce ba ki yarda da mutane ba. Ki bari a ce. Shugaban kirki ba ya jin haushin a rubuta maganarsa, wanda ya ji haushi kuwa kin san dalili. Ba ina nufin kowa ba, ina dai faɗa ne gaba ɗaya.

Na biyu, kada ki taɓa sa kuɗi a kan abin daji mai rai, ko dala ɗaya, ko da niyyar ceto ne.

Sauran gajeru ne. Masu ba ki gaskiya a tsakar biro ba lalle su buɗe baki a wurin taro ba, suna da iyali, na daina riƙe su a zuci, ko in ce ina ƙoƙari. Direba ne kaɗai ya faɗi wa ya aike shi, aka mayar da shi ɗaukar kaya, ki gaishe shi da daraja. Ki je wurin liman da mai gari kafin ki je wurin mai buga takardun mannawa. Kada ki yi wa iyaye alkawarin lokacin da ba ke ke yanke shi ba. In za a kafa akwati, ƙofarsa kada ta dubi gabas, daga can ruwa da iska ke bugowa, kuma a gaya wa mai gona ya daina guba, don mujiyar da ta ci kusu mai guba ita ma tafiya take.

Akwatunan nan ma ba su cikin kasafin porje. Dattijon Jiratawa ne ya biyo ni har gida bayan an yi abin da aka yi, ya ce shi bai je bikinmu na birni ba, abin da ya gani a tafin hannunsa ya ishe shi, in ba shi awon akwatin. Na zana masa a takarda, kafintan ƙauyensu ya haɗa da ragowar katako, suka ɗaure a jikin gawo a gefen rumbuna. Yanzu akwai mai kwana a ciki, maƙwabtansa kuma sun fara tambayar awo. Ba ya cikin kowane rapor, kuma na roƙe shi kada ya bari mota mai tambarin porje ta san hanyar gonarsa.

Ragowar curin da aka gasa yana cikin kwali a sito, saman kabad, an rubuta "alli" a jikinsa don kada a zubar. Ki yi amfani da shi da aji ɗaya-ɗaya, da yamma, ba sai kin kira shi biki ba. Na ga daftarin kasafin baɗi kafin in fito. Bikin yana ciki, an ce ya yi nasara, kuma an ƙara masa sabon layi: sayen tsuntsaye.