Laraba, jajibirin kasuwar Maigatari

Hazo ya sauka tun asuba. Golf ɗin haya biyu da Corolla ɗaya suka kwana a gareji, duk kuka ɗaya: rawa a silo, shan mai, nauyin tashi da safe. Direbobi na gaggawa saboda lodin gobe, amma ba a kwance fulogi, mai ba da tartsatsin da ke kunna fetur, da zafin inji. Kan injin alminiyom ne, tiredinsa, wato zaren ramin da ake murɗa fulogi a ciki, na iya biyo fulogin ya fito.

Da inji ya huce aka busa ramukan fulogin da iska, don kada yashi ya faɗa silinda. Wayoyi ɗaya bayan ɗaya ake cirewa, a kama kan robar, ban da jan wayar. Soket na kwance fulogi milimita 16 ne ko 21. Aka jera fulogan a kan kwali, 1 zuwa 4, don kowanne labarin silindarsa yake bayarwa.

Bakin fulogi mai lafiya kalar ƙasa-ƙasa ne, a bushe. Na Golf ta farko duka huɗu baƙi ƙirin, busasshen kunkunniya kamar gindin tukunya: fetur ya fi iska yawa. Ko da aka buɗe iyakilina, wato matatar iska, ƙura ta toshe ta. A wannan yanayi kafin a zargi fulogi a duba can.

Ta biyu ta fi muni. Lamba 3 kaɗai ya jiƙe sharkaf da baƙin mai, wato ringin fistin ko sil ɗin bawul ya saki. Sabon fulogi zai ɓoye cutar na ɗan lokaci ne kawai. Mai motar ya ce, "Oga, a goge a mayar mana." An goge, an kuma gaya masa gaskiya. Da a ce fulogin ya fito fari fat da ƙuraje, zancen zafi ne ko ƙarancin fetur, wannan kuwa yana iya huda fistin.

Na Corolla cinyewa suka yi kawai, tsinin tsakiya ya zama kamar kan tsohuwar ƙusa, tazarar bakin fulogin ta wuce milimita 1.1 da ake so. An sa sababbi. Da hannu ake fara ɗaurawa har ya zauna, sannan rabin juyi da sifana idan washa sabuwa ce. Tsohon da aka mayar, ɗan taɓawa kaɗan ya isa. Fulogi mai tsinin iridiyom kuma ba a kai masa burushin ƙarfe.

Kafin la'asar biyu sun fita. Mai lamba 3 ma ya tafi, da hayaƙinsa shuɗi a baya.