Talata: ƙofar fita ɗaya ko biyu?

Aikin yau duba zanen wani ofis ne a hawan ƙasa, mai faɗin murabba'in mita 560. Tambayar guda ce: ƙofar fita ɗaya ta wadatar, ko sai an yi biyu? Kundin dokokin gini da ake aiki da shi shi ne IBC na Amurka, wanda ake sabuntawa duk bayan shekara uku. A ƙa'idarsa, ofis irin wannan idan mutanensa suka haura 49, dole ƙofofin fita su zama biyu.

Da safe na ba manhajar ƙirƙirarriyar basira tambayar haka nan, ba tare da na haɗa mata da rubutun dokar ba. Ta raba 560 da 9.3, wato murabba'in mitar da ake ƙirga wa mutum ɗaya, ta samu mutum 61, ta ce ƙofa biyu. Lissafin daidai ne, amma adadin da ta raba da shi na bugun 2015 ne. Daga bugun 2018 kason mutum ɗaya a ofis ya koma kusan murabba'in mita 13.9, wato mutum 41 ke nan. Manhajar ta koyi bugu da yawa a cakuɗe, idan ba a faɗa mata wanda hukuma ta amince da shi ba, sai ta ɗauko wanda ya fi yawo a rubuce-rubuce.

Da rana na liƙa mata sashen daga bugun da ya dace. Sai ta ce ƙofa ɗaya ta isa. Nan ne abin ya fi tayar mini da hankali, domin amsar ta fito tsaf, har da lambar sashe, ga ta kuma ba daidai ba. A cikin zanen akwai ɗakin taro na murabba'in mita 42, shi kuwa ɗaki mai tebura da kujeru ana ƙirga shi ne a kan murabba'in mita 1.4 ga kowane mutum. Shi kaɗai mutum 30. Ragowar 518 a raba da 13.9, mutum 38. Jimilla 68, ƙofa biyu babu makawa. Manhajar ta ɗauki hawan gaba ɗaya a matsayin wurin aiki iri ɗaya, alhali jadawalin dokar yana bin amfanin kowane ɗaki ne. Rayukan mutane ne a nan ranar da gobara ta tashi.

Da yamma na sauya tsarin. Manhajar ba za ta ƙara yanke hukunci ba. Aikinta ta warware kowane sashe zuwa sharuɗɗa: wane irin gini ya shafa, wane adadi, wace togaciya, wane sashe kuma yake nuni gare shi, tana kawo ainihin kalmomin dokar a gefen kowane sharaɗi. Mutum ya tantance su ɗaya bayan ɗaya, sannan lissafin ya koma hannun ƙaramin shirin kwamfuta wanda kullum amsa ɗaya yake bayarwa. A wannan aikin ta yi ƙoƙari sosai, ita ce ma ta fito da sharaɗin cewa daga mutum 50 ƙofofin sai sun buɗe ta wajen da ake gudu.

Saura tazarar da ke tsakanin ƙofofin biyu. Doka na son aƙalla rabin tsawon kusurwa zuwa kusurwa na wurin, ko kashi ɗaya cikin uku idan akwai na'urar feshin ruwa ta kashe gobara. Zanen bai nuna ko an tanadi na'urar ba, don haka na tura wa mai zanen tambaya kafin a auna.