Yau na duba man giyar tarakta

Tun jiya da yamma nake jin wani siririn kuka daga bayan tarakta duk sanda na ɗaga garma, ɗagawar ma a hankali kamar ba ta so, to yau na ce ba inda za ta sai na duba man giya.

A irin waɗannan ƙananan taraktocin mai ɗaya ne ke yin kusan komai, shi ne na giya shi ne na haidirolik mai ɗaga garma, a wasu ma har sitiyari da birki duk tukunya ɗaya suke sha. In ya ragu famfo ya fara jan iska kenan, kukan nan da nake ji, kuma famfo in ya lalace gyaransa ba ƙaramin aiki ba ne.

Na kai ta inda ƙasa take daidai ba gangare, na sauke garmar har ƙasa, na kashe inji na bar ta ta ɗan huta. Sauke garmar nan a wajena shi ne babba, don in tana sama wani man yana can cikin silinda bai dawo ba, sai geji, wato sandar auna mai, ya nuna maka ƙarya ka yi ta ƙari ba dalili. Gejin tawa a baya yake kusa da PTO, wato sandar ƙarfen nan mai juyawa da ke tuƙa kayan aikin da aka haɗa wa tarakta, wasu kuma ɗan gilashi ne ake leƙawa. Sai da na goge ƙurar wajen tas kafin na zaro shi, ƙasa kaɗan in ta faɗa ciki ita ke cinye famfo. Na goge da tsumma mai tsabta, na mayar, na sake zarowa na karkata shi wajen haske don man nan garau yake da wuyar gani. Layuka biyu ne a jikin gejin, man ya sauka ƙasa da na ƙasan. Amma alhamdulillahi launinsa lafiya lau, bai yi fari-fari ba balle a ce ruwa ya shiga, ba kuma warin ƙuna.

Maƙwabcina da ya leƙo cewa ya yi in zuba baƙin mai kawai ai duk mai ne, na ce a'a Malam, birkin da ke jiƙe cikin mai ba ya son wannan, abin da littafin tarakta ya ce shi zan zuba. Masu taraktar Kubota suna da man Super UDT2, masu John Deere kuma Hy-Gard. Na sa mazurari ina zubawa kaɗan kaɗan ina dubawa har ya kai tsakanin layukan biyu, in ya wuce kumfa yake yi.

Abin da ya tsaya min a rai, man giya ba ya ƙonewa kamar na inji, in ya ragu to yoyo ake. Na tada ta na bi tiyo-tiyon da guntun kwali, ba a sa hannu don man da ke fita da ƙarfi yana huda fata. Can na ga wani haɗi ya jiƙe. Na kashe, na sauke komai, na ɗaure shi. Kukan ya tafi, garma tana tashi yadda ta saba.

Gobe in Allah ya kaimu zan sake leƙa haɗin, in duba man aksil na gaba, wato ƙarfen da ya haɗa tayoyin gaba, tunda shi nasa daban ne.