Talata, kwana biyu kafin fashin salla

Tun jiya da yamma jikina ya gaya mini. Hamma ba dalili, wuya ya sage, ƙirji ya yi nauyi, ga kwaɗayin zaƙi har na cinye dabinon da aka ajiye wa baƙi. Ummi ta zubar da shayi a kan darduma, na daka mata tsawar da ta fi ƙarfin laifin, yarinya ta kwana da ajiyar zuciya. Da asuba kuwa sai ga shi a bayan idon hagu, yana bugawa kamar ana sussuka a cikin kaina. Mu ciwon ɓarin kai muke ce masa, Larabawan Makka su ce shaƙiƙa.

Amarya nake da ita yau a unguwar Shara Mansur, nan Makka, ƙunshin hannu da ƙafa. Ina buɗe kwalbar mahallabiya zuciyata ta tashi, da kyar na kai banɗaki. Dole na kira uwar amarya na ba ta haƙuri, na tura mata wata ƙawata. Kuɗin ya wuce, amma kunyar saɓa alkawari ta fi damuna.

Goggo ta leƙo ta same ni na kashe fitila na ja labule. Ta ce, "'Yar nan, a kira mai ƙaho mana. Ai Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, an yi masa ƙaho a ka saboda shaƙiƙa yana cikin harami." Gaskiya ta faɗa, hadisin Ibn Abbas ne a Bukhari, kuma an yi mini sau biyu bara. Na ce, "Goggo, a bar ni in fara ganin likita, yau ne ranar da ta ba ni." Goggo ta sa aka kashe kaskon turaren wuta, Allah ya saka mata.

Abin da na kai wa likitar takarda ce kawai. Wata uku ke nan ina yi wa kalandar Ummul Ƙura alama: jan biro ranar ciwon kai, baƙi ranar da jini ya zo. Ta jera shafukan a tebur, ni kaina sai da na yi shiru. Duk wata ukun, ja yana gaban baƙi da kwana ɗaya ko biyu. Shekara nawa ina ɗora laifin a kan zafin Makka da sanyin mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki!

Ta yi mini bayani a natse. Akwai sinadarin jikin mace, estrojin, da yake faɗuwa gab da al'ada, faɗuwar nan ce ke tayar da ciwon ga wadda dama tana da shi. Idan yana zuwa tsakanin kwana 2 kafin jini da kwana na 3 da fara shi, a wata biyu cikin uku, to na al'ada ne. Irinsa ya fi daɗewa, ya fi tsanani, ya fi taurin kai ga magani, yana iya kai awa 72. Ta ce mata sun ninka maza kusan sau uku a wannan ciwo, kuma tazarar tana buɗewa ne daga balaga. Nan na tuna lokacin da nake da cikin Ummi, daga wata na huɗu ko sau ɗaya kaina bai sara ba.

Ta tambaye ni ko ina ganin walƙiya ko zane-zane a ido kafin ya fara. Na ce a'a. Ashe tambayar mai nauyi ce: mai ganin haka ba a ba ta ƙwayar tazarar haihuwa mai estrojin, don gudun shanyewar ɓarin jiki. Ta rubuta mini naproxen in fara kwana biyu kafin lokacin, bayan na ci abinci, da sumatriptan in sha da zarar ya taso. Ta kuma ja mini kunne a kan Panadol da nake sha kamar gyaɗa: wadda ke shan irinsa kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yana jawo mata wani ciwon kan.

A mota na yi ta tunanin Innarmu. Duk wata sai ta ɗaure kai tamau da ɗankwali ta shige ɗaki kwana biyu, a ce mana kada mu yi surutu. Wasu na cewa iska ce, wasu na cewa son jiki. Ta rasu ba wanda ya taɓa haɗa mata ciwon da kwanakin watanta, kuma wannan yana ci mini rai.

Bayan isha'i ya lafa, saura jiri-jiri. Na kira Ummi na rungume ta na ce ta yafe wa Mama. Shekararta 11. Na ciro wa ƙanwata Hadiza kalanda ɗaya daga cikin waɗanda maigida ya kawo, ita ma tana kukan kai duk wata, gobe in Allah ya kai mu zan aika mata da biro biyu.