Ƙurajen hapis: tun ana jin tsikara ake fara magani

Duk wanda ƙurajen hapis (herpes, ƙananan ƙuraje masu ruwa da ƙwayar cutar bairos ke haddasawa) suka taɓa fito masa, a leɓe ko a al'aura, ya san ƙwayar cutar ba ta barin jiki. Kwanciya take yi a jijiya, sai zazzaɓi, rashin barci, damuwa, haila ko zafin rana su tashe ta. Amma kafin ta fito tana sallama: ƙaiƙayi, tsikara kamar tafiyar kiyashi, raɗaɗi a daidai wurin da ta saba fitowa, wani lokaci har da ciwo mai sauka ta ɗuwawu zuwa cinya. Daga wannan alama zuwa fitowar ƙurji, 'yan awanni ne ko kwana ɗaya zuwa biyu.

A wannan ɗan tsakanin magani ya fi aiki, domin hana ƙwayar hayayyafa yake yi. Idan aka wuce awa 24 da fitowar ƙurji, amfaninsa ya ragu ƙwarai. Don haka a roƙi likita ya rubuta maganin tun ana lafiya, a ajiye shi a gida.

Na al'aura, abin da aka saba bai wa babba shi ne aciclovir miligiram 400 sau uku a rana, kwana biyar, ko valaciclovir miligiram 500 safe da dare, kwana uku. Na leɓe kuwa, valaciclovir giram 2 sau biyu kacal, da tazarar awa 12. A sha ruwa sosai, domin ta ƙoda maganin ke fita. Mai ciwon ƙoda sai likita ya rage masa adadi. Man aciclovir na shafawa yana ɗan taimaka wa leɓe, amma a al'aura bai kai ƙwayar magani ta haɗiya ba ko kusa.

A naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta a ɗora minti goma, kada ta taɓa fata kai tsaye. A wanke wurin da ruwan ɗumi mai ɗan gishiri, a tsane shi ba tare da gurzawa ba, a sa kamfai na auduga mai sakewa. In fitsari na ƙuna, a riƙa zuba ruwa da buta yayin da ake yi. Farasitamol ya isa ga zogi.

Abin da ya fi damuna shi ne kiran komai "sanyi". Sai a fasa kafso na ampiclox a barbaɗa, alhali ampiclox ba ya maganin hapis. Man shafawa mai haɗi uku da ake saya a kemis ya fi wannan haɗari: sinadarin sitiroyid da ke ciki yana danne garkuwar fata, gyambon ya faɗaɗa.

Daga jin tsikara har fata ta warke sarai, a dakatar da saduwa da sumba, musamman sumbatar jariri, wanda cutar ke iya halakawa. A wanke hannu kafin a taɓa ido. Mai juna biyu ta sanar a wurin awo cewa tana da cutar, domin akan fara mata magani daga mako na 36. Ƙurji kusa da ido, kasa yin fitsari, ko gyambon da ya haura mako biyu, asibiti ne ranar. Wanda kuma take dawo masa sau biyar ko shida a shekara, ya tambayi likita batun shan aciclovir miligiram 400 safe da dare kullum.