Kafin Baƙi Su Tafi: Abin da Na Tsinta a Bakin Tafkin Kware

'Yan uwa masu koyon kallon tsuntsaye, assalamu alaikum. Ga inda aka kwana tun bayan rubutuna na cikin sanyi.

Hunturu ya sassauta. Ƙurar da ta hana mu hango tsallaken ruwa a watan Janairu ta kwanta, sai dai abin da ya gaje ta ba sauƙi ba ne. Tun da hantsi rana take fara dukan ƙeya, kuma kun san halin Sakkwato, kafin Maris ya ƙare ma'aunin zafi zai riƙa taɓa 40. Amma wannan ɗan tsakanin, daga ƙarshen Fabrairu zuwa tsakiyar Maris, a ganina babu lokacin da mai koyo yake cin riba kamarsa. Ruwa yana ja da baya, laka tana fitowa, tsuntsaye suna taruwa a ɗan wuri, sannan 'yan cin ranin da suka zo mana daga Turai da Asiya ba su gama tafiya ba.

Har yanzu Kware nake zuwa. Wasunku sun ce me ya hana ni Goronyo, tunda madatsar can, wadda aka gama ginawa a kan kogin Rima a 1984, ta fi Kware girma nesa ba kusa ba. Halin da hanyoyin gabashin jihar nan suke ciki ba ɓoyayye ba ne, kuma babu tsuntsun da ya kai a sayar da rai saboda shi. Ban da haka, faɗin ruwa ba shi ne amfanin mai koyo ba. A babban ruwa agwagi sukan yi can tsakiya, ba abin da za ka gani sai ɗigo-ɗigo. Kware kuwa in ka yi sallar asuba a gari ka kama hanyar Illela, kafin rana ta ɗaga ka zauna. Wuri ɗaya nake zama kowane zuwa, rana tana bayana, domin sai ka lizimci wuri ɗaya kake gane wane ne ya ragu, wane ne ya ƙaru.

Aikin da na ɗora wa kaina a wannan karon shi ne rarrabe ƙananan nan masu kiwo a bakin laka. Kowa ya san su: baya ruwan ƙasa, ciki fari, siririn baki, ƙafafu zaƙo-zaƙo, in ka hango su daga nesa duk ɗaya ne. Ba na farawa da neman suna. Zama nake in rubuta yadda kowanne yake tafiya, da inda ya fi son tsayawa, da abin da yake bayyana in ya buɗe fikafikai. Uku daga cikinsu yanzu sun zauna mini.

Na farko na sa masa mai rausaya a littafina. Shi kaɗai yake yawo, ba ruwansa da taro, kuma ba ya shiga zurfi. Gefen ruwa yake bi, wajen tsakuwa ko gindin kwale-kwalen da aka jingine. Ƙafafunsa gajeru ne a kan na sauran, kuma bayansa ba ya hutawa, sama da ƙasa yake kaɗa shi ko yana tafe ko yana tsaye. Ku dubi kafaɗarsa da kyau, za ku ga farin da ke cikinsa ya hauro ya kutsa tsakanin ƙirji da fiffike. In ya tashi, dab da ruwa yake bi, fikafikai a sandare sun ɗan lanƙwaso ƙasa, ya karkaɗa su ya saki, ya sake karkaɗawa. Da zarar ka ga wannan tashin an gama magana. A manhajar tsuntsaye ta waya ku neme shi da sunansa na kimiyya, Actitis hypoleucos.

Na biyu, mai gira, ya fi shi tsayi da tsari. Ƙafafunsa rawaya-rawaya ne masu ɗan kore, bayansa yana da ɗigon fari kamar an yayyafa masa, kuma farin layin da ke bisa idonsa yana wucewa har bayan ido. Shi yana shiga ruwa, musamman inda ciyawa ta nutse ko fadamar shinkafa da aka sako wa ruwa. In ka tashe shi, sama yake yi kai tsaye yana kuka a jere da sauri, sai ka ga wani fari fes a gindin wutsiyarsa, abin da mai rausaya ba shi da shi. Wannan shi ne Tringa glareola, kuma a dausayin dazuzzukan Finland da Sweden da arewacin Rasha yake yin ƙwai.

Na uku ne ya fi cinye mini lokaci, Calidris pugnax. Garke suke yi, kuma ba za ka ji bakinsu ba ko sun tashi. Kai ƙarami, jiki da ɗan tumbi, baki bai cika tsawo ba ya ɗan sunkuyo, gashin baya kuma a jere kamar ɓawon kifi, wani lokaci iska ta ɗaga shi ya yi tsaye. Kada ku dogara da launin ƙafa, domin a garke ɗaya za ka ga mai ja-ja, ka ga mai rawaya, ka ga mai kore. Babban tarkon shi ne girma. Namiji ya fi mace sosai, har mutum ya rantse iri biyu ne suka haɗu. To a nan ne zaman wuri ɗaya ya biya ni. A watan Janairu manya da ƙanana a cakuɗe suke, yanzu kuwa in garke ya sauka, ƙananan ne suka rinjaya. Mazan sukan riga matan kama hanyar arewa, don su isa filayen da maza suke gwada ƙwanji don neman mata kafin matan su iso. Wani namiji da ya rage na ga wuyansa ya fara yin dabbare-dabbare da fari da baƙi, mafarin wannan tulin gashin wuya da suke yi a can ƙasarsu, wanda mu nan ba ma samun ganinsa cikakke. Manoman shinkafa sun san su sarai, tunda suna tsintar ƙwayar da ta zube a fadama.

Wanda yake son ganin launi kuwa, ya bi shanu. Duk inda makiyaya suka kawo garke shan ruwa, ban da balbela za ka ga wasu 'yan mitsi-mitsi masu doguwar wutsiya suna gudu a tsakanin kofato suna cafke ƙwarin da shanu suka tayar. Motacilla flava ke nan. Da sanyi duk a koɗe suke, amma yanzu mazan sun sake gashi, cikinsu rawaya shar. Kan nasu za ku duba. Akwai mai kai shuɗi-shuɗi da farar gira, irin na tsakiyar Turai. Akwai mai kai baƙi wuluk ba gira, irin na yankin Balkan da Turkiyya. Akwai mai kai toka mai duhu, wanda gidansa can arewa ne wajen Norway da Sweden, kuma irinsa ne suke yin jinkirin tashi, tunda ƙanƙarar ƙasarsu ba ta narkewa da wuri. Cin da kuke gani suna yi ba haɗama ba ce. Kitse suke tarawa, domin Sahara ce a gabansu, tafiyar da ta haura kilomita 1,500, ga kuma tekun Bahar Rum a bayanta, alhali tsuntsun duka nauyinsa bai kai giram 20 ba kafin ya yi ƙiba.

Agwagi ban daɗe a kansu ba. Kirinjijiya tana nan da farar fuskarta da fitonta mai gaɓa uku, ita ba inda za ta. Dinya nakan gan ta jefi-jefi. Baƙuwar agwagwar nan ƙarama, Spatula querquedula, wadda namijinta yake da farin layi mai faɗi daga ido zuwa ƙeya, ta yi ƙaranci ƙwarai a kan watan jiya. Jinjimi da zalɓe suna nan yadda kuka san su. Sai mai tafiya bisa ganyen bado da dogayen yatsu da shuɗin goshi, wanda namijin ne yake kwanci ya kuma yi renon 'ya'ya.

Abu ɗaya da zai taimaki sababbi: ba duk mai shawagi bisa ruwa ne shirwa ba. Wutsiyar shirwa a tsage take, tana murza ta tana juyawa. In kun ga wani yana bin saman kacala ƙasa-ƙasa a hankali, fikafikai a ɗage sama, wutsiya ba tsagi, jiki ruwan ƙasa mai duhu da haske a bisa kai, to baƙo ne shi ma, Circus aeruginosus, mace ko ƙarami. Sau da yawa zakaran ƙeƙuwa ne yake fara tona masa asiri da ihu kafin ni in gan shi.

Akwai wani dattijo masunci da muke gaisawa. Ran nan yana gyaran koma ya dube ni ya ce, "Malam, wai mi kaka biɗa bakin tabkin ga?"

Na ce, "Baba, tsuntsaye nika kallo."

Ya yi dariya ya ce, "To Allah shi ba da sa'a. Da ka zaka zamanin muna yara, da ka ga gauraki. Yanzu kam babu su."

Gaskiya ya faɗa, ni ban taɓa ganin gauraka a Kware ba. Tsuntsun da ake kira na ƙasa a Najeriya ya kusa ƙarewa a cikinta, saboda kamu don sayarwa da kuma lalacewar dausayi. Na buɗe masa shafi daban a littafina, ina rubuta abin da dattawa suka ce suna gani a da, ban haɗa shi da abin da idona ya gani ba.

Wannan gaisuwar kada ku raina ta. A irin wannan zamani, baƙon da ya tsaya a bayan gari da madubin hangen nesa a wuya abin tuhuma ne, kuma mutane suna da hujja. Ku fara zuwa wajen mai unguwa ko sarkin ruwa ku gabatar da kanku, ku miƙa wa wanda ya tambaya madubin ya leƙa da kansa. Kada ku juya shi wajen da mata suke wanki ko ɗiban ruwa, kada ku taka wa mutum albasa don kuna bin tsuntsu. Madubi mai lamba 8x42 ya ishi kowa. Ku kuma tashi kafin ƙarfe goma, domin daga nan zafi yake sa iska ta riƙa rawa bisa laka, komai kyan madubinka ba za ka rarrabe gira da ɗigo ba.

Abin da na gani ina shigar da shi cikin aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, wanda cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ta fara a 2015. An yanka ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da kwance, kuma ana son ka yi aƙalla awa 2 kana dubawa a cikin gida ɗaya, ka jera tsuntsaye bisa yadda ka fara ganinsu, ta manhajar BirdLasser. Wanda bai tabbatar da tsuntsu ba ya bar shi a littafinsa, kada ya tura.

Ga abin da nake roƙo kafin rubutu na gaba. Duk wanda yake kusa da fadamar shinkafa, a Kware ne ko Wamakko ko Dundaye, in garken Calidris pugnax ya sauka ya ƙirga manya nawa ƙanana nawa, ya rubuta kwanan wata. Na biyu, shamuwa. Ita daga kudu take zuwa mana gab da damina, lokacin da baƙin nan na Turai da Asiya suka ba da baya, don haka daga watan Afrilu a riƙa duban manyan itatuwan cikin ƙauyuka. Wanda ya fara ganinta ya rubuta rana da sunan garin, da irin itacen da ta sauka a kai.