Shekara uku ina dakon namijin barewa a dajin Wiskonsin

Farautar da na taso na sani ita ce ta gida: karnuka da gora da ihu, a tayar da zomo ko gada a rufa mata da gudu. Shi ya sa ranar da wani dattijo maƙwabcina a jihar Wiskonsin ta Amurka ya ce zai kai ni harbin barewa, na ɗaura ɗamarar doguwar tafiya. Muna shiga daji ya nuna mini wata 'yar kujerar ƙarfe ɗaure a jikin bishiya, ya ce in hau in zauna, kada in yi ko tari. Wai farautar ke nan.

Kafin nan sai da na yi kwas na koyon ƙa'idar farauta, domin a jihar duk wanda aka haifa daga 1973 zuwa yau ba ya samun cikakken lasisi sai da shi. Na zaɓi kwari da baka, saboda lokacin 'yan baka yana buɗewa tun tsakiyar Satumba, ba kamar na 'yan bindiga ba da yake kwana 9 kacal a ƙarshen Nuwamba.

Barewar tasu ta fi tamu girma, ƙarƙashin wutsiyarta fari fat. Ƙahon namijin rassa gare shi, kuma duk shekara yake zubar da shi cikin sanyi ya fitar da sabo.

Shekarar farko hanci ne ya kayar da ni. Wata tsohuwar barewa mace ta fito da 'ya'yanta biyu, ban ko ƙifta ido ba, amma ta tsaya cak. Ta ɗaga kai, ta buga ƙafar gaba a ƙasa sau biyu, ta furzar da wani irin huci mai ƙara, sannan ta ɗage farar wutsiyar nan ta arce. Dajin ya mutu har magariba. Da na ba dattijon labari sai ya yi dariya, ya ce: "Yaro, ba ganinka ta yi ba. Iska tana bayanka, ita ta kai mata warinka." Tun daga ranar ba na shiga daji sai da ɗan ƙullin toka a aljihu, in watsa in ga inda ta nufa. A wuri mai gangare ma iskar da safe hawa take yi idan rana ta ɗuma ƙasa, da yamma ta sulalo kwari, don haka bishiyar da ta yi daidai da asuba tana iya tona maka asiri da la'asar.

Shekara ta biyu na ɗauka na gama ganewa. Na sami ƙananan itatuwa da namiji ya goge wa ɓawo da ƙaho, na sami kuma inda ya tone ƙasa da kofato a ƙarƙashin wani reshe da ya tauna, ya yi fitsari a wurin don ya bar warinsa. Na kafa kujerata a kai, kwana shida ina daskarewa. Ko inuwarsa. Ashe galibi cikin dare suke ziyartar irin wuraren nan, musamman manyan da suka sha tsallake maharba.

"Baba, to ina yake kwana?" na tambayi dattijon. Ya ce in rabu da namijin, in nemo matan.

A nan ne abin ya faɗo mini. Idan yini ya gajarce, wajen farkon Nuwamba, lokacin barbara ya kama, kuma namijin da ya shekara yana ɓuya sai hankalinsa ya gushe. Wuyansa ya kumbura, ya rage cin abinci, ya dinga yawo daga wannan kurmi zuwa wancan yana neman macen da ta shirya, don ita kwana ɗaya ko makamancinsa take karɓarsa. Ba ya ma shiga kurmin, gefen da iska ke fita yake bi yana shinshinawa.

A shekara ta uku na sami wani siririn zirin itatuwa tsakanin gonar masara da fadama, wanda ya haɗa makwancin mata guda biyu. Na zauna tun duhun asuba, iska a fuskata. Da hantsi yatsuna sun ƙage, zuciyata na ta raya mini shayi mai zafi a mota. Wajen sha ɗaya da rabi na ji takun busasshen ganye, mai nauyi, ba irin na kurege ba. Ga shi nan, kai ƙasa, baki buɗe, rassa takwas. Na bari kansa ya shiga bayan wata bishiya sannan na ja baka. Na yi ɗan gurnani da baki, ya tsaya. Na yi bisimilla na saki, kibiyar ta shige bayan kafaɗa.

Rabin sa'a na ƙara a sama kafin in bi jini, don idan ka matsa wa wanda ya ji rauni sai ya yi nisa. Gwiwoyina ma ba su yarda in sauko da wuri ba. Na same shi a bakin fadamar.

Na yi masa rajista da hukuma a waya, na kuma kai kan a gwada, saboda wata cutar ƙwaƙwalwar barewa da aka gano a jihar tun 2002. Sai da sakamako ya fito lafiya uwargida ta taɓa naman. Cinya guda ta dattijon ce, sauran kuma ta yi dambu da kilishin da ya kai mu har Fabrairu.